Kuɗin shiga da ankon riguna: ƙungiyoyin 'yanmata a jami'o'in Amurka

*Anti, ina zangon farko a wata jami'a a jihar Texas, kuma wallahi kaɗaici ya ishe ni. Abokiyar ɗakina ta shiga irin ƙungiyar da suke kira sororiti, kullum tana cikin ƙawaye. Ni ma in biya in shiga? Ɗan abin da Baba ke turo min bai taka kara ya karya ba.*

'Yata, kada ki shiga a wannan zangon. Ba don abin haramun ne ba, sai don kaɗaici mugun ɗan rakiya ne zuwa kasuwa, komai aka sallama miki sai ki ga ya yi araha.

Fara da lissafi. Zangon farko shi ne mafi tsada: kuɗin sabuwar shiga, kuɗin rantsarwa, kuɗin lambar da ake maƙalawa a ƙirji, sannan kuɗin ƙungiya na kowane zango. In reshen ƙungiyar da ke jami'arku yana da gida, ga kuɗin ɗaki da na abinci. Waɗannan duk suna a rubuce, ki nemi takardar ki karanta. Abin da ke karya aljihu shi ne wanda ba a rubutawa: anko. Kada ki ɗauka mu kaɗai muka iya shi. Kowane taro da rigarsa, kowace liyafa da kalarta, wasu rassan har tara suke ci in kin ƙi halartar zama. Ke kuwa bizar ɗalibi ta F-1 awa 20 kacal ta yarje miki ki yi aiki a mako lokacin karatu, shi ma a cikin harabar jami'a. Ki ja wata da ta shekara biyu a ciki gefe, ki tambaye ta nawa ta kashe bara gaba ɗaya, ba nawa aka rubuta ba.

Sannan ƙungiyoyin ba iri ɗaya ba ne. Akwai 26 da ke ƙarƙashin wata uwar ƙungiya mai suna National Panhellenic Conference, su ne masu manyan gidaje da makon zaɓen sababbi a farkon shekara. A tsarinsu, da zarar an rantsar da ke a ɗaya, ke da sauran 25 sai kallo har abada. Aure ne da ba a kashe shi a yi wani. Akwai kuma na baƙaƙen fata, waɗanda suka fara da Alpha Kappa Alpha a Jami'ar Howard a 1908, wadda Kamala Harris 'yar ƙungiyar ce, sai Delta Sigma Theta a 1913. Su waɗannan yawanci sai kin kammala aƙalla zango guda da sakamako mai kyau suke duba ki, don haka jiran da na ce ki yi ba asara ba ne. Tun da a Texas kike, ki binciki Mu Delta Alpha, wadda ɗalibai Musulmi suka kafa a Jami'ar Texas ta Dallas a 2016. Can ba sai kin tsaya bayanin me ya sa kike tashi daga taro in magariba ta yi ba.

*Malama, 'yata ta bugo waya wai za ta shiga ƙungiya mai haruffan Girka, da rantsuwa da sirri. Gabana ya faɗi. Wannan ba ƙungiyar asiri ba ce irin ta jami'o'inmu?*

Hajiya, fargabarki tana kan hanya. Mu da muka san yadda ƙungiyar Pyrates da Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa a Ibadan a 1952 ta fara da kyakkyawar niyya, daga baya wasu suka ɓalle suka kafa nasu har abin ya zama na sara da suka, dole mu ji tsoro. Amma na Amurka a fili suke. Jami'a ta san da su, tana da ofishin da ke sa musu ido, 'ya'yansu kuma yawo suke da sunan ƙungiyar a gaban riga. Sirrin bai wuce bikin rantsarwa da 'yan kalmomi da salon gaisawa ba.

Inda za ki sa ido biyu ne. Na farko gwale-gwalen sababbin shiga: hana barci, wulaƙanci, tilasta shan giya. An yi asarar rayuka a kan haka, musamman a ƙungiyoyin maza, har aka sa hannu kan dokar tarayya a Disamban 2024 da ta tilasta wa jami'o'i bayyana irin waɗannan laifuffuka. Ki sa ta duba shafin jami'arta ta ga ko an taɓa hukunta reshen. Na biyu giya. Gidajen matan dokarsu ta hana ajiye ta, amma liyafar a gidajen maza ake yi, kuma doka ba ta yarda wanda bai kai shekara 21 ba ya sha. Ki tambaye ta kai tsaye, cikin lalama: in ta ce ba ta zuwa irin wannan wuri, za a ci ta tara? Kuma ta nemi sanin ko a rantsuwar akwai abin da ya saɓa wa addininta tun kafin ranar. In suka yi ta kwana-kwana, to ta samu amsarta.

*Anti, na riga na shiga bara. Na biya, na yi anko, amma har yau ba ni da aminiya ko ɗaya a ciki.*

Ƙanwata, kin sayi tikitin shiga ne kika tsaya a bakin ƙofa. Cikin mata sittin ko ɗari, biyu ko uku ne za su zama naki, kuma ba a wurin hoto ake samun su ba. Karɓi aiki. Ma'aji, ko mai shirya aikin agaji, wanda kowa ke gudu. Wadda kuka kwana kuna ƙirga kwalayen abincin sadaka, ƙafa ta kumbura, ita ce za ta kai ki asibiti ƙarfe biyun dare.

Uwar ɗakin da aka haɗa ki da ita, wato babbar da ke kula da sabuwar shiga, kada ki bar zumuncin ya tsaya a musayar kyaututtuka. Tambaye ta wane malami ne ya iya koyarwa, a ina ta yi aikin koyon sana'a. Ki nemi jerin tsofaffin 'yan ƙungiya da ke aiki a fanninki, ki rubuta wa uku cikin watan nan. Ki kuma dafa musu shinkafa da miya ranar Sallah, ki rage yaji. In zangon ya ƙare ba abin da ya sauya, ki tambayi shugabar reshe ƙa'idar fita, ki tabbatar babu bashin da zai biyo ki.