Ku Tambaya Mu Amsa: Yarana sun tafa wa kakakin kamfanin sigari

Tambaya: Assalamu alaikum. Daren Juma'a ni da 'ya'yana biyu da ɗan ƙanena, dukkansu samari, muka kalli wani fim ɗin Amurka na barkwanci a kan mutumin da aikinsa kare kamfanonin sigari a talabijin da gaban majalisa. Ni raina ya ɓaci, don na ga an mai da maƙaryaci gwarzo. Su kuwa dariya har da tafi, babban ma cewa ya yi mutumin ya fi kowa gaskiya a fim ɗin. Ko talla ce aka ɓoye a ciki? Daga wani uba, Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Bisa bayaninka, fim ɗin shi ne Thank You for Smoking na 2005, wanda Jason Reitman ya ba da umarni. Ba talla ba ce. Idan ka sake dubawa, ko sau ɗaya ba a nuna jarumin da karan sigari a baki ba. Habaici ne, habaici kuwa matsalarsa ɗaya: wanda bai gane da wa ake ba, sai ya tashi da akasin saƙon. Shi ya sa masu kallonsa kan rabu kamar yadda gidanka ya rabu.

Ɗanka ya ga rabin abin, kuma rabin da ya gani daidai ne. Mutumin ba kasafai yake shirga ƙarya ba, sauya tambaya yake yi. A farkon fim an zaunar da shi kusa da yaro mai ciwon daji. Tambayar da ke gabansa ita ce ko sigari na kisa. Sai ya ce ai kamfani ba ya ƙaruwa da mutuwar yaron, tunda asarar mai saye zai yi. Maganar ta shiga kunne, aka tafa, tambayar kuwa tana nan ba a taɓa ta ba. A ƙarshe kuma, da wani sanatan jihar Bamont (Vermont) ya nemi a buga hoton ƙoƙon kan mutum a jikin kwali, sai ya karkata zancen zuwa cukuwin da jihar ke taƙama da shi, wai shi ma yana toshe jijiyoyin jini. Nan ma aka bar jaki ana dukan taiki.

Kada ka hana su kallo, kada kuma ka yi musu huɗuba. Ku sake kallon waɗannan wurare biyu tare, na'urar tsayarwa a hannunka. Da zarar ya gama magana ka tsayar, ka ce wani ya maimaita ainihin abin da aka tambaye shi, wani kuma ya faɗi abin da ya amsa. Sannan ka tambaye su wa ke biyansa albashi. Inda iyaye suka fi kuskure shi ne su faɗi amsar da bakinsu. Saurayi ya fi riƙe abin da ya gano da kansa. Ka sani kuma akwai ashar da wuraren da ba su dace da ƙananan yara ba, sai ka tsallake su.

Tambaya: Abokaina a Shara Mansur sun ce duk ƙirƙira ce, babu kamfanin da zai yi haka. Gaskiya ne? Daga wani ɗalibi, Makka.

Amsa: Ɗan'uwa, jarumin ƙirƙirarre ne, sana'ar tasa kuwa tana da tarihi a rubuce. A 1950 Richard Doll da Bradford Hill a Ingila suka wallafa binciken da ya danganta sigari da ciwon dajin huhu. A Disamban 1953 shugabannin manyan kamfanonin taba na Amurka suka gana a otal ɗin Plaza da ke Niyok, suka ɗauki kamfanin gyara suna na Hill & Knowlton. Ranar 4 ga Janairun 1954 suka fitar da sanarwa a jaridu sama da 400. Ba su ce sigari magani ba ne. Cewa suka yi masana ba su gama yarda ba, za su kafa kwamitin bincike. Wata takardar cikin gida ta kamfanin taba na Brown & Williamson a 1969 ta fito da manufar fili: shakku shi ne hajarsu. Mai shan da ke neman uzuri ba ya buƙatar a gamsar da shi, a ce masa "ba a tabbatar ba" ya wadatar.

Batun cusa sigari a finafinai ma ya faru. A 1983 ɗan wasa Sylvester Stallone ya sa hannu a takardar karɓar dala 500,000 don ya yi amfani da sigarin Brown & Williamson a finafinai biyar. A Afrilun 1994 shugabannin kamfanoni bakwai suka yi rantsuwa a majalisar Amurka, kowa ya ce bai yarda nikotin, sinadarin da ke cikin taba, na kama mutum ba. Bayan shekara huɗu, a 1998, kamfanonin suka amince su biya jihohi 46 kimanin dala biliyan 206, aka kuma haramta musu biyan kuɗi don a nuna sigarinsu a fim. Takardunsu na sirri da shari'o'in suka tono suna intanet, kowa na iya karantawa.

Saboda irin wannan kamun ƙafa ne yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta fara aiki a 2005, ta sa sashe na 5.3 da ke umartar gwamnatoci su kare dokokin lafiya daga katsalandan ɗin kamfanonin taba. Saudiyya na cikinta. Harajin kashi 100 da aka ɗora a 2017, da kwali marar ado da aka koma a 2019, duk daga wannan hanya suka fito.

Tambaya: Mijina ya koma sigari mai sauƙi da shisha, ya ce sun fi dama. Haka ne? Daga wata uwargida, Madina.

Amsa: A'a, Hajiya, wannan ma ragowar waccan dabara ce. Idan kika ɗaga audugar gindin irin wannan sigari a haske, za ki ga layin ƙananan huji. A injin gwaji iska na shiga ta nan ta tsinka hayaƙin, sai awo ya nuna kwalta kaɗan. A hannun mutum kuwa yatsu da leɓe na toshe hujin, ga shi yana ƙara zurfin zuƙa don jikinsa ya sami nikotin ɗin da ya saba. A 2006 alƙaliya Gladys Kessler a Amurka ta yanke hukuncin cewa kamfanonin sun yaudari jama'a da wannan laƙabi.

Shisha kuma ruwanta sanyaya hayaƙi kawai yake yi, ba ya tace guba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a 2005 cewa a zaman awa ɗaya mutum na iya zuƙar hayaƙin da yawansa ya ninka na karan sigari ɗaya sau 100 zuwa 200, ga iskar gawayi mai rage wa jini ƙarfin ɗaukar iskar numfashi. Ke da yaran ma kuna shaƙa idan a ɗaki yake busawa, don haka abu na farko a fitar da ita daga cikin gida.

Idan ya yarda zai daina, ya kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya, ya tambayi asibitin barin taba mafi kusa da ku. Ya tsayar da rana cikin mako biyu, a kwashe kwali da ashana da tukunyar shisha tun daren jajibirin. Kwana uku na farko sun fi tsanani: saurin fushi, ciwon kai, rashin barci. Kwaɗayin kan taso ya lafa cikin 'yan mintuna, ruwan sanyi ko asuwaki na taimakawa a lokacin. Idan likita ya ba shi abin mannawa na nikotin, ya cika makonnin da aka ɗibar masa, don yanke shi da wuri na cikin abubuwan da suka fi mai da mutane ruwa.