Zaman zango da ruwan Akra: amsa ga Yaya a Kano

Yaya, Allah ya ƙara girma. Ka tambaye ni abin da ya zaunar da mu a unguwannin da ruwa ke ci kusan duk shekara, da kuma dalilin da ƙofofin gidajenmu na Nima sai mutum ya ɗaga ƙafa kamar zai hau babur kafin ya shiga. Na san a majalisarku ta Ƙofar Mata an riga an yanke mana hukuncin taurin kai, to ga namu bayanin.

Ba yawan ruwan sama ne ke damunmu ba. Abin da ke sauka a Akra yawancin shekaru ba ya kai milimita 1,000, kusan ɗaya da naku. Sai dai mu damina biyu gare mu, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. A Agusta, lokacin da ku kuke fama da marka, mu muna shan iska mai sanyi, ƙasa a bushe. Watan da muke kwana da ido ɗaya shi ne Yuni.

Ruwan da ke cin mu ba a kanmu yake sauka ba. Kogin Odaw yana gangarowa ne daga tuddan arewacin birni, ya bi ta Achimota da Alajo, ya faɗa tafkin Korle, sannan teku. Babbar kwatar da ta ratsa Mamobi da Nima daga tudun wajen filin jirgi take tasowa, ta je ta haɗu da Odaw kusa da Sakul, wato babbar mahaɗar titunan Kwame Nkrumah da ke tsakiyar birni. Duk wanda ya yi gini a tudu ya shafe tsakar gidansa da siminti, ruwansa namu ne. In aka yi rashin sa'a teku ta cika a wannan daren, ruwan ba ya samun mafita, sai ya juyo cikin gari. Shi ya sa ɗan zango ba hadarin da ke saman kansa yake dubawa ba. In gabas ta haɗe, waya yake ɗauka ya kira wani a Achimota ko wajen Legon: "An fara a wajenku?" In aka ce an daɗe ana yi, to ko ɗigo bai faɗo mana ba mata sun fara ɗora katifa a kan tebur, buhun shinkafa da talabijin su hau saman kabad, takardun makarantar yara a ƙulle cikin leda. Hukumar hasashen yanayi tana ba da sanarwa a rediyo, NADMO mai kula da bala'o'i ma tana yi, amma mu mun fi gaskata launin ruwan kwata. Da ya rikiɗe ya koma ja, yana tafe da robobi, an san na tudu ya iso.

Wannan ɗan ginin na bakin ƙofa kuwa, jerin bulo ɗaya ne ko biyu, wani gidan har gwiwa. Tsofaffi suna ƙorafin ciwon ƙafa, amma ba wanda ya yarda a fasa shi. Gidajenmu na haya ne, ɗaki-ɗaki, tsakar gida ɗaya, don haka kafin damina mai gida ko babban ɗan haya yakan bi ɗaki-ɗaki a haɗa kuɗin yashe kwata. Liman ya faɗa bayan sallar Juma'a, sarkin zango ya aika wa samarin majalisu, ranar Asabar a fito da shebur da baro. Gwamnati ta kafa ranar tsafta ta ƙasa a Asabar ɗin farko ta wata a 2014, irin taku ta ƙarshen wata, amma tamu ta unguwa ta fi ta ƙarko.

Akwai abin kunya kuma, ba zan rufe maka ba. Da ruwa ya kece, sai ka ga yaro da bokitin shara a ka ya nufi kwata, wai ruwa ya tafi da ita. Ina za ta? Gidan na ƙasa da mu. Daren 3 ga Yuni 2015 ya nuna mana ƙarshen wannan hali: ruwa ya shanye Sakul, mutane suka fake a gidan mai, man ya malalo a kan ruwan, wuta ta kama, sama da mutum 150 suka rasu. Bayan 'yan makonni aka shiga unguwar Tsohuwar Fadama da buldoza aka rushe gidajen da ke bakin Odaw. A ganina an fara da wanda ya fi sauƙin taɓawa ne, manyan gine-ginen da aka dasa a kan hanyar ruwa da yawansu suna nan. Ku ma ai kun san zancen, tunda kududdufan cikin birni da ke shanye ruwan damina an cike su an yanka filaye, ruwa kuma ya je ya kwana a Kantin Kwari a 2022.

Maganar tashi, Yaya, a tashi a je ina? Kakanninmu baƙi ne fatake da 'yan ƙwadago, inda masu ƙasa suka nuna musu nan suka kafa bukka. Nima tun shekarun 1930 aka fara zamanta, lokacin tana bayan gari. Yau tana tsakiyar birni, kasuwa a kusa, masallaci da makarantar allo a kusa, dangi ƙofa da ƙofa. Mai sayar da waina ko tuwo da ta koma Kasowa, can bayan garin Akra, ta rabu da masu cinikinta, ga kuɗin mota kullum. Masu hali suna gini a can, amma da yawansu ba su saki ɗakin Nima ba.

Ga kuma abin haushi: ruwa a titi har ƙugu, famfo a bushe. Na famfo daga matatar ruwa ta Kpong da madatsar Weija yake zuwa, kuma rabo ake yi, wata unguwa yau wata gobe. Don haka kowane gida da duro a ƙarƙashin indararo, da jarkoki ruwan ɗorawa da muke kira galan Kufo jere a zaure. Zubin farko ba a tara, sai ya wanke ƙurar kwano tukuna. Na wanki da wanka ke nan, na sha sai na leda. Mu ba mu da 'yan garuwa masu kura irin naku, mota ce ke kawowa ta cika wa mai tanki, shi kuma ya sayar jarka-jarka. Weija ɗin ma in ta cika buɗe ƙofofinta ake yi, a sanar da mutanen Tetegu da Oblogo su kwashe kayansu kafin ruwan ya iso.