Ku Tambaya Mu Amsa: Wai Ba Shakespeare Ne Ya Rubuta Wasanninsa Ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Musu ya kaure a ajinmu na adabi. Wasu sun ce Shakespeare ɗan kasuwa ne kawai, wani basarake ne ya yi rubutun ya fake da sunansa. Har akwai mai cewa Balarabe ne, wai Shaihu Zubairu. Ina gaskiyar take? Daga wani ɗalibi, Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam. Mu fara sallamar Shaihu Zubairu. Raha ce ta masu wasa da suna, marigayi Gaddafi ya maimaita ta har ta yi farin jini, amma ba ta da tushe ko na sisin kwabo.

Sauran musun kuwa, ka auna shi yadda malaman hadisi ke auna ruwaya: wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, ya ga mutumin da idonsa? An yi wa William Shakespeare baftisma a garin Stratford na Ingila ranar 26 ga Afrilu, 1564, ya rasu ranar 23 ga Afrilu, 1616. Yana raye, a 1598, wani marubuci mai suna Francis Meres ya lissafa wasanninsa 12 da sunansa. Shekara bakwai bayan rasuwarsa, a 1623, John Heminges da Henry Condell suka tattara wasanni 36 suka buga a kundi ɗaya. Su biyun nan abokan aikinsa ne a ƙungiyar wasa ɗaya, kuma sunayensu na cikin wasiyyar mutumin Stratford, inda ya bar musu kuɗin sayen zoben tunawa da shi. Ben Jonson, abokin gogayyarsa wanda ba ya raga wa kowa, ya yi masa waƙar yabo a kundin, har ya ɗan zolaye shi da ƙarancin Latin da Girkanci. Wannan isnadi ne na mutanen da suka yi zama da tashi da shi.

To, yaushe shakkar ta taso? Sai bayan fiye da shekara 200. A 1857 Delia Bacon ta buga littafi tana jingina aikin ga wasu manya, ciki har da Francis Bacon. A 1920 wani malamin makaranta, J. Thomas Looney, ya kawo sunan basarake Edward de Vere na Oxford, wanda shi ne ɗan takarar da ya fi magoya baya a yau. Matsalarsa ɗaya ce, amma babba: ya mutu a 1604. Wasannin Macbeth da King Lear sun zo bayan haka, The Tempest kuwa ya ɗebo bayani daga labarin wani jirgin ruwa da ya tarwatse a tsibirin Bermuda a 1609. Mamaci ba ya karanta labarin abin da ya faru shekara biyar bayan an binne shi. Shi ma Meres ɗin ya ambaci de Vere daban, Shakespeare daban.

Hujjojin masu shakka uku ne ake yawan ji. Ta farko, sa hannunsa guda shida da suka saura ba su yi daidai da juna ba. To a lokacin Turanci bai da tsayayyar ƙa'idar rubutu, kamar yadda mutum ɗaya a nan zai rubuta Muhammad a wata takarda, Mohammed a wata. Ta biyu, ba a sami rubutun hannunsa na wasannin ba. Haka ma na akasarin takwarorinsa, domin wasa mallakar ƙungiya ne, ba na marubuci ba. Ta ukun ita ce ainihin abin da ke cin su a rai: yaya ɗan baduku mai ɗinka safar hannu, wanda bai je jami'a ba, zai san harkar fada haka? A ganina wannan raini ne aka yi wa ado da rigar bincike. Kuma wasannin da kansu suna tona asirin mai su. Ya ba wa Bohemiya gaɓar teku alhali ƙasa ce da ba ta da teku, ya sa agogo yana bugawa a Rum ta zamanin Kaisar. Aikin mai karatu da yawa ne wanda ke sauri don a samu abin nunawa mako mai zuwa.

Inda masana ke muhawara ta gaske shi ne haɗin gwiwarsa da wasu marubutan wasanni na zamaninsa. An buga The Two Noble Kinsmen a 1634 da sunansa da na John Fletcher a bango. Ana ganin hannun George Wilkins a farkon Pericles, na Thomas Middleton a Timon of Athens. Yadda ake ganewa shi ne a ƙirga ƙananan kalmomin da marubuci ba ya lura yana amfani da su, da yadda yake ƙare baiti, sai a gwada da ayyukan da aka tabbatar nasa ne shi kaɗai. Hanyar takan yi tuntuɓe idan yankin da ake aunawa gajere ne, ko kuma magatakarda da masu jera haruffa sun riga sun sauya rubutun.

TAMBAYA: Malam, me ya sa har yau ba a daina yayinsa ba, alhali na ji labaran ma aro ya yi? Daga wata malamar sakandare, Bukuru.

AMSA: Malama, aro kam ya yi. Tarihin Rumawa daga Plutarch, marubucin Girka na zamanin da, ya ɗauko, a fassarar Thomas North ta 1579. Macbeth da sarakunan Ingila daga kundin tarihin Holinshed. Othello daga wani gajeren labarin Italiya. Bahaushe ba zai ga laifin haka ba, tunda mun san yadda Abubakar Imam ya ɗebo labaran Gabas da na Turai ya sa musu babbar riga da rawani a Magana Jari Ce. Gwanintar tana wurin ɗinki. Jigoginsa kuwa ba baƙi ba ne a gidajenmu: sarkin yaƙin da ya ci amanar sarkinsa don kwaɗayin gadon mulki, dattijon da ya raba gado tun yana raye ya fifita masu daɗin baki, munafukin da ya hura wutar kishi har miji ya hallaka matarsa. Shi ya sa Julius Nyerere ya mayar da Julius Caesar zuwa Suwahili, masu fim na Indiya suka mayar da Othello ya zama Omkara a 2006, marigayi Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya ba mu Daren Sha Biyu, wato Twelfth Night da Hausa.

TAMBAYA: Muna son nuna Macbeth da Hausa a bikin makarantarmu. Ta ina za mu fara? Daga shugaban ƙungiyar wasan kwaikwayo, wata makaranta a Tudun Wada, Jos.

AMSA: Kun yi zaɓi mai kyau, don yana cikin mafiya gajarta: layi dubu biyu da 'yan kai, kusan rabin Hamlet. Duk da haka ku rage shi zuwa sa'a ɗaya. Ku cire fitowar Hecate, uwargijiyar mayu, wadda dama ake ganin ƙari ce daga Middleton, ku taƙaita doguwar tattaunawar Malcolm da Macduff a Ingila. 'Yan wasa 12 sun isa idan kowa ya ɗauki ƙananan matsayi biyu ko uku, amma ku zana jadawalin shiga da fita tukuna, kada a wayi gari mutum ɗaya yana bukatar ya yi magana da kansa a dandali.

Kuskuren da aka fi yi yana wurin fassara. Manya a wasan suna magana ne cikin baiti mai gaɓa goma, mai gadin ƙofa kuwa da ya sha ya bugu yana zuba zance kara-zube. In kuka bi kalma da kalma, kowa zai yi magana iri ɗaya, wasan ya yi salam. Ku ba wa sarki da fadawa Hausar fada mai kirari da karin magana, ku bar mai gadi da Hausar tasha. Sannan Turancin lokacin ya bambanta kai da ku wajen girmamawa, abin da Turancin yau ya rasa amma Hausa ke riƙe da shi. Ku bi fitowa ɗaya bayan ɗaya ku yi alama da jan biro duk inda "ku" (you) ta koma "kai" (thou), ku sa ɗan wasan ya sauya murya da tsayuwa a daidai wurin.