Waƙa ɗaya ta danne sauran: ina zan zuba kuɗina?

Tambayar ta zo daga wani mai shagon wayoyi a kasuwar Farm Centre da ke Kano. Ga abin da ya ce: "Ni na ɗauki nauyin ƙanena mawaƙi, na biya sutudiyo ya yi kundi mai waƙoƙi takwas. Ta amarya ce kaɗai ta fashe, gidajen rediyo suna ta sa ta, ba bikin da za a yi ba a kunna ta ba. Alhali ita ce mafi rauni a cikinsu. Waɗanda ya zuba basira a ciki, ta iyaye da ta zaman duniya, ba wanda ya san da su. Shi ya gaji da ita, har ya ce ya daina rera ta a wajen biki. Ni kuma uwar kuɗina ba ta dawo ba. In ƙara kuɗi ya yi wata irinta, ko in biya a riƙa sa masu kyaun a rediyo?"

Alhaji, Allah ya saka maka da alheri kan tsayawa da ka yi wa ɗan'uwanka. Amma a yanzu ba na ba ka shawarar ko ɗaya daga cikin biyun. Kada ka ƙara ko sisi tukuna, domin waƙar da ta fito ba ku gama karɓar kuɗinta ba.

Ka fara da lallashin ƙanen naka. Haushinsa yana kan hanya, kuma ba kansa farau ba. Ka ambaci marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, yawancin mutane waƙarsa ta karen mota za su fara tunawa, ga shi kuwa ya yi waƙoƙi masu nauyi a kan auren dole da halin ɗan Adam. Waccan ɗin ce ta kai kuntiginsa kunnen waɗanda daga baya suka nemi sauran. Kai ma a shagonka ka sani, caja da katin waya ba su ne ribarka ba, amma su suke shigo da wanda zai ga babbar waya a cikin gilashi ya tambayi farashi. In ya daina rera ta, masu biki wani za su kira, don ita suka biya su ji.

Rediyo ba alƙalin kyan waƙa ba ne. Mai gabatar da shiri yana son gajeriya, mai amshi da ke kama baki tun farko, wadda masu bugo waya za su ce a maimaita. Waƙar iyaye mai dogayen baitoci, wadda sai an natsu ake jin daɗinta, ba ta dace da tsakanin talla da talla ba. In ka biya a sa ta, za a sa iya kwanakin da ka biya, kuɗin na ƙarewa a ajiye ta.

Yanzu ga inda nake so ka fi mai da hankali, don nan ne 'yan kasuwa irinku suka fi yin asara. Wa ya mallaki waƙar nan? A kowace waƙa haƙƙi biyu ne: na baiti da karin waƙar, da kuma na sautin da aka ɗauka a sutudiyo. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ce sallama wa wani haƙƙi, ko keɓe masa izini shi kaɗai, sai a rubuce. Saboda haka ku zauna ku uku, kai da shi da mai kiɗan sutudiyo, ku rubuta kason kowa, a sa hannu a gaban shaidu. Na san akwai nauyi mutum ya ce wa ƙanensa a yi takarda. Ka daure, domin rigimar da takardar za ta hana ta fi wannan nauyin ciwo, kuma zumunci take ci.

Bayan nan ka bi sawun waƙar. Ka buga sunanta a YouTube ka ga tashoshi nawa suka ɗora ta ba da saninku ba. In ba ku da tasha taku, wasu ne suke cin gajiyar kallon. Ku buɗe taku. Cikakken kason talla a YouTube yana buƙatar mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin wata 12, kuma waƙar da ta fashe ita ce za ta iya kai ku can da wuri. Ku ɗora kundin duka a Audiomack da Boomplay da Spotify ta hannun kamfanin rarraba waƙoƙi, amma asusun ya kasance da sunanku, lambar sirri a hannunku. Ku yi rajista da MCSN, ƙungiyar da Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta amince ta karɓar wa masu waƙa haƙƙinsu daga masu amfani da ita. Masu tura waƙa a memori kam ba za ka ga kuɗinsu ba, ka ɗauke su a matsayin masu yi muku talla.

Su kuma waƙoƙin da kuke ƙauna, a bayan wannan za su hau. A YouTube ku jera su yadda ta amarya na ƙarewa ta iyaye za ta fara. Ku yanko baiti mafi ratsa zuciya, na daƙiƙa talatin, ku sa a TikTok da WhatsApp. Wannan ba don alfahari ba ne kawai: tun 2024 Spotify ba ya biyan kuɗin haƙƙin sauti kan waƙar da ba a saurara sau 1,000 ba cikin wata 12, don haka waƙar da aka bari a kwance kusan ba abin da take kawowa a can.

A wajen biki kuwa, ya ajiye ta amarya sai can tsakiya ko ƙarshe, lokacin da kowa ke jiranta. Kafin nan ya rera ta iyaye, daidai lokacin da uwar amarya da ƙawayenta suke zaune. Su ne masu liƙi mai nauyi, kuma su ne za su kira shi sunan jika da walimar sauka, wuraren da waƙar rawa ba ta shiga. Ya kuma ɗaga kuɗin gayyatarsa yanzu da ake nemansa, don kasuwar waƙar da ta fashe ba ta daɗewa, wata ce za ta zo ta ture ta.

Duk abin da ya shigo daga biki da intanet, ku rubuta a littafi ɗaya, a fara cire maka wani kaso da kuka amince a kai har uwar kuɗinka ta dawo. Ka ba abin wata shida. Daga nan ku duba alƙaluman tasharku, ku ga wacce daga cikin bakwai ɗin mutane suka fi saurara har ƙarshe. Ita za ku yi wa bidiyo, kuma da kuɗin da ta amarya ta kawo, ba da jarin shagonka ba.