Kar ka ɗaure murfin zarton nan, ga abin da ke sa shi zabura

Yarona na ga saƙonka. Ka ce kana yanka falanki da zarton lantarki na hannu, ka kusa kaiwa ƙarshe sai ya canza murya ya zabura ya yo baya saura ƙiris ya sami cinyarka, kuma bakin yankan duk ya ƙone ya yi baƙi, sannan murfin ƙasa mai rufe faifan haƙoran zarton yana maƙalewa har wani ya ba ka shawara wai ka ja shi sama ka ɗaure da waya ka huta. Toh ta ƙarshen nan zan fara, kar ka kuskura. Wanda ya faɗa maka haka ko ya girme ni a sana'a bai faɗa maka gaskiya ba. Murfin nan shi ne ya rufe haƙoran lokacin da injin ya yo kanka, da a ɗaure yake da yanzu ba saƙo kake rubuto min ba. Kuma ko ba zabura, zarton da murfinsa ke ɗaure in ka ajiye shi ƙasa faifan bai gama tsayawa ba tafiya zai yi da baya ya yanke duk abin da ya tarar, wayar wuta ce ko yatsun ƙafa.

Maƙalewar murfi ciwo ne mai magani. Zare fulogi daga soket tukuna, in mai batir ne cire batirin, sai ka ja murfin sama da ɗan hannunsa ka sake shi, ya kamata ya koma da kansa karaf nan take. In yana jan jiki to garin katako ne da ƙaro suka cushe wajen da yake juyawa, ka sa burushi ka share ka hure, kar ka tuttula masa mai don man shi ke ƙara kama ƙura ya zama laka. In ka share bai daina ba ka duba sifirin ko ya saki, ko kuma injin ya taɓa faɗuwa murfin ya lanƙwashe yana gogar faifai, wannan sai canji, kuma kafin a canza injin ya zauna a akwati. Akwai dai yankan da murfin kan ƙi hawa da kansa, kamar yankan kwana ko in ɗan siririn baki za ka rage, nan an yarda ka ɗaga shi da babban yatsa ta wajen hannunsa, da zarar faifan ya shiga katako ka sake.

Yanzu zaburar. Ina so ka gane wannan sosai don in ka gane shi rabin aikin ya ƙare. Ka ɗauki injin (a zare daga wuta fa) ka dubi yadda faifan ke juyawa. Haƙoran gaba sama suke tasowa, shi yasa suke janyo ƙafar injin, wato shimfiɗaɗɗen ƙarfen da ke ƙasansa, ta zauna daram kan katako, na ƙasa gaba suke nufa, na baya kuma ƙasa suke sauka. Muddin hanyar da faifan ya buɗe tana nan a buɗe babu matsala, haƙoran gaba ne kaɗai ke aiki sauran wucewa kawai suke. Amma da hanyar nan ta tsuke ta matse faifan, ko ka ɗan murɗa hannu haƙoran baya suka caki saman katako, shikenan faifan ya daina yanka ya koma taya, ya taka katakon ya haura waje ya yo baya. Faifan inci 7 da kwata, wato milimita 184 ko 185, yana zagaye wajen 5,000 zuwa 5,800 a minti ɗaya, kaga kuwa babu hannun da zai riga shi. Ana gama abin kafin ma ka san an fara. Shi yasa nake gaya muku ba ƙarfin damtse ke hana shi ba, shirin da ka yi kafin ka danna makunni ne.

Ban ga yadda ka ɗora falankin ba amma daga bayaninka, tunda ka ce sai da ka kusa ƙarshe ya yi, na tabbata ka ɗora baki ɗaya kan benci ɗaya bakin kan wani abu ka yanka a tsakiya. Tun kana farko katakon yana da ƙarfin riƙe kansa, kana cin tsakiya yana rage ƙarfi yana lotsawa ƙasa, in tsakiya ta lotsa kuwa saman yankan ne ke haɗewa ya cafke faifan. Yadda ake yi, ɓangaren da za ka yi aiki da shi ya zauna gaba ɗaya kan benci ka matse shi da kilam, wato ƙarfen matse katako, guntun da za a yar ya leƙo waje babu komai ƙarƙashinsa, yana rabuwa ya faɗi abinsa yankan ya buɗe maimakon ya rufe. Faɗin ƙafar injin ya kasance kan ɓangaren da ke zaune, ba kan mai faɗuwa ba. Kuma kar ka bari wani mai son taimako ya riƙe maka guntun, don kusan kullum ɗaga shi yake yi sama ba tare da ya sani ba, ɗagawar nan ita ce matsewar. In guntun dogo ne mai nauyi da zai tsage katakon kafin ka gama, ka fara rage shi da yanka ɗaya can gaba sannan ka dawo kan layinka.

Filawud kuma nasa daban ne, faranti guda ƙafa 4 ne da ƙafa 8, ba ya iya ɗaukar kansa. Shimfiɗa katakai huɗu a ƙasa, biyu kowane gefen layi, ɗaya kusa da layin ɗaya can wajen baki, ka kwantar da shi a kai yadda in ka gama kowane rabi zai zauna inda yake ko motsi ba zai yi ba. In tsaga kake yi ta tsawon katako musamman ɗanye wanda bai bushe ba, za ka ga yankan yana rufewa a bayanka da kansa, tsaya ka soka ɗan tsinken katako a cikin yankan ya riƙe shi a buɗe. Wasu injinan suna zuwa da wani siririn ƙarfe a bayan faifai aikinsa kenan, in naka yana da shi kar ka cire.

Sai zurfi, wanda yara da yawa ba sa taɓawa, yadda suka sami injin haka suke yanka komai da shi faifai duk a waje. Injin inci 7 da kwata yana iya cin kusan milimita 65, to me za ka yi da wannan duka a kan katako mai kaurin 18? Jingina faifan a gefen katakon, sassauta hannun zurfi ka daidaita yadda abin da zai leƙo ƙasa bai kai tsawon haƙori ɗaya ba, kamar milimita 3 zuwa 6, ka ƙulle tam. Ka duba hannun kwana, wanda ke karkata faifai, shi ma ya ƙullu, don in ɗayansu ya motsa ana tsakiyar yanka zabura ce. Iya yawan faifan da ke cikin katako iya yawan wurin da za a matse, kuma iya yawan abin da ke yawo a ƙasa inda ba ka gani. Kar ka taɓa kai hannu ƙarƙashin katako wai kana tallafe, murfi ba ya kare can.

Tsayuwa, hannu biyu kan inji, ɗaya a makunni ɗaya a marikin gaba, jikinka a gefe kar cinyarka ko cikinka su yi layi ɗaya da faifan. Wayar wuta ta bi ta bayanka. Ɗora gaban ƙafar injin kan katako haƙora ba su taɓa ba, danna, bari ya ɗau gudu ya cika sannan ka shiga. Tura shi daidai yadda yake ci, kunnenka ne zai gaya maka, in murya ta fara nauyi ka rage turi. In ka ga ka kauce layi kar ka murɗo shi ya dawo, kuma kar ka ja shi baya yana juyawa. Saki makunni, riƙe shi cik a inda yake har ya tsaya, sannan ka fitar ka sake shiga. In za ka ci gaba daga tsakiyar yanka ka saita faifan a tsakiyar hanyar, ka ɗan ja baya yadda haƙora ba su kama komai ba kafin ka danna. Kana gamawa jira ya tsaya ka ga murfi ya rufe kafin ka ajiye, mai birki yana tsayawa cikin daƙiƙa biyu zuwa uku, marar birki yana daɗewa fiye da yadda kake zato.

Ƙunar da ka gani kuma faifan ne ke magana. Ko ya dakushe, ko ƙaro ya lulluɓe haƙoran, ko ka sa wanda bai dace da aikin ba. Mai haƙora 24 na tsaga ne da aikin gaggawa, ramukan tsakanin haƙoransa manya ne suna kwashe gari da sauri. Mai 40 zuwa 60 na yankan gicciye ne da filawud inda ake son baki sumul, in ka sa shi tsagar katako mai kauri gari ya rasa hanyar fita sai zafi sai hayaƙi. Sau da yawa faifan da ake cewa ya mutu datti ne kawai, cire shi ka jiƙa a ruwan sabulu mai ɗumi ka goge da burushi mai taushi ka busar sosai don tsatsa. Sannan ka kai shi haske ka bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ɗan ƙarfen kabaid da ke bakin kowanne yana da ƙarfi amma yana da saurin ɓallewa in ya haɗu da ƙusa, shi yasa tsohon katako sai ka bincike shi kafin ka yanka. Haƙori ya fita, ko ka ga tsaga a jikin faifan, ko ya karkace, ka yar da shi kar ka ji tausayi.

Wajen ɗaurawa akwai maɓallin da ke riƙe shaf, wato sandar da faifai ke hawa, danna shi ka sa sifana, kuma notin yana kwancewa ne ta inda faifan ke juyawa, riƙe wannan don wasu injinan zarensu na hagu ne sai ka ga mutum yana ta ƙara ɗaurewa yana cewa ya ƙi. Kibiyar da ke jikin faifai ta bi kibiyar da ke jikin murfi, kar ka ce dole rubutu ya kalli waje, a wasu injinan ciki yake kallo. Ramin tsakiya ya zauna cif kan shaf, akwai na milimita 16 da 20 da 30, wanda ya yi yawa rawa zai yi. Adadin zagayen da aka rubuta a faifan ya fi na injin ko su yi daidai. Tunda mun zo nan bari in faɗa maka, faifan zarto ba ya hawa giranda, wato injin yanka da goge ƙarfe na hannu, ƙaramar giranda tana zagaye wajen 11,000 a minti, ba ta da ƙafar da za ta zauna kan katako ba ta da murfi mai rufe kansa, ranar da ka ga wani ya haɗa haka ka matsa nesa.

Jikinka kuma, tabarau dole. Toshin kunne ma haka, ƙarar injin nan tana kaiwa wajen desibel 100 a ma'aunin ƙara alhali daga 85 kunne ke fara lalacewa in an daɗe, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Takunkumi saboda ƙura, hukumar binciken cutar kansa da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo cutar, musamman ta hanci. Riga mai faɗin hannu, zobe, agogo, safar hannu mai sako-sako duk a cire. Safar sai lokacin canza faifai.

Kula da injin kansa ba wani dogon abu ba ne in ana yi kullum. An tashi aiki ka hure ramukan iskar mota, in suka toshe zafi ne ke cinye koyil, wato naɗin wayar cikin motar. Bi wayar da hannu daga fulogi har gindi ko ta kwaile, kuma kar ka ɗauki inji ta waya. In za ka ƙara waya ka nemi mai kauri don injinan nan suna jan wat 1,200 zuwa 1,800, siririya tana rage masa ƙarfi ita kuma ta yi zafi, in ta naɗi ce warware ta duka. Ka ga tartsatsi ya yi yawa ta ramukan baya ko yana ɗaukewa yana dawowa, buɗe murafun kabon guda biyu na gefe ka duba ƴan sandunan gawayin da ke kai wa mota wuta, in sun cinye sun kai alamar da ke jikinsu canza su biyun tare, in ka bari suka ƙare amecha za su ci, wato ɓangaren motar da ke juyawa, kuma ita ce mai tsadar. Irin na batir da ba su da kabon babu ruwansu da wannan. Kama faifan ka girgiza gefe da gefe, in yana wasa ko kana jin gurnani to boris ɗin da shaf ke juyawa a ciki ne ya lalace. Lokaci lokaci ka kifa injin ka dafa sukwaya, wato ma'aunin kusurwa, tsakanin ƙafa da jikin faifai, tsakanin haƙora ba a kansu ba, ka ga ko digiri 90 ɗin nan gaskiya ce, don lambar da ke jikin ma'aunin kwana na injin ba kullum take faɗin gaskiya ba musamman in injin ya sha faɗuwa.

Ɗan ƙari don aikinka ya fito da kyau, tunda haƙora sama suke fitowa saman katako ne ke tsattsagewa, don haka kyakkyawar fuskar filawud ta kalli ƙasa. Faifai yana cin milimita 2 zuwa 3, ka yanka ta gefen da za a yar ka bar layin fensirinka a jiki. Gobe in Allah ya kai mu ka zo da injin da faifan da ka yi aikin da shi kar ka canza komai, ina so in ga murfin da idona, kuma kafin nan kar ka kunna shi.