Yaya Ake Share Tsofaffin Kalmomin da Waya Ke Kawowa?

Tambaya: Malam, idan na fara rubuta saƙo, wayata tana kawo mini kalmomin da na taɓa rubutawa bisa kuskure, da tsohon adireshin imel na abokiyar aikina. Ina mafita?

Amsa: Malama, manhajar rubutu ta wayarki tana koyo ne daga abin da kike yawan rubutawa, ba ta bambance daidai da kuskure. A Gboard, wato manhajar allon rubutu ta Google, idan kalmar ta bayyana a saman allon, ki danna ta ki riƙe, sannan ki ja ta zuwa kwandon shara. A Outlook kuwa, wato manhajar imel, idan kin buɗe ta a kwamfuta, ki fara rubuta sunan abokiyar aikin taki, in tsohon adireshin ya bayyana sai ki danna alamar X da ke gefen sunan. Adireshin ne ya fi damuna, domin saƙon sirri yana iya faɗawa hannun da bai dace ba, saboda haka ki goge shi daga jerin sunayenki ma, in ba haka ba, zai iya sake bayyana.