Ya zan naɗe sifika kar ta lalace a hanya?

Tambaya: Salam, zan aika wa ƙanina sifika guda 2, ina tsoron kar su isa a fashe. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Fuskar nan mai laushi inda sauti ke fita ita ce abin lura, yatsa ma lotsa ta yake, to fara rufe ta da kwali mai kauri, salatif kar ya taɓa ta. Cire wayoyin ka ɗaure daban. Don Allah kowace da kwalinta, maganaɗisun ciki nauyi gare shi, in suka yi karo sai ɓarna. Sa ta a leda saboda danshi, ka cusa soso ko'ina musamman kusurwoyi, sannan girgiza kwalin, in ka ji motsi ƙara soso kafin ka liƙe.